A Daina Shafa Man Gugar Supap A Kusinen Inji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da ƴan'uwanmu makanikai da masu injunan niƙa da na ban-ruwa, tun daga cikin garin Maradi har Tibiri, Jiratawa, Madarunfa da Tasawa. Akwai wata ɗabi'a da ta zauna a garejoji da yawa, mai yin ta kuma gani yake gwaninta ce. An zo zaunar da kusine, wato shimfiɗar ƙarfen da shaf ke juyawa a cikinta, a wuyan bilbirkan, wato babban shaf ko sandar da ke juyawa a cikin inji, an ɗaure, ya cije ya ƙi juyawa, sai a lakato man gugar supap, wato bawul ɗin inji, a shafa, a mayar da murfi, a yi ta murzawa har ya saki. Ranar da aka tayar da injin lafiya lau zai yi aiki, ba ƙara ba zafi, mai shi ya biya ya yi godiya. Bayan ƴan makonni ya fara ƙwanƙwasa, sai a ɗora wa baƙin mai laifi, ko a ce kayan zamani ba su da ƙwari. Alhali kuwa tun a teburin gyara aka cuce shi.

Kusine, wanda a Katsina da Kano ake ce wa metal, da gangan aka yi shi da laushi. Farin ƙarfen da ake zubawa a cikinsa ana kiransa babit, da sunan wani Ba'amurke, Isaac Babbitt, wanda ya fito da dabarar a 1839. Mai kyau daga cikinsa kusan kashi 89 cikin 100 kuza ne, kashi 7 da rabi antimoni, kashi 3 da rabi jan ƙarfe. Mai araha kuwa darma ce ta fi yawa a ciki. Amfanin laushin nan biyu ne. Idan mai ya yanke, kusinen ke narkewa ya bar shaf lafiya, kuma sake zuba kusine ya fi sayen bilbirkan sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan duk ƴar tsakuwar da ta biyo mai ta shigo, ƙarfen yakan haɗiye ta, ta nutse a jikinsa, ba ta tsaya tana karce shaf ba. A ƙasar da hunturu ke cusa ƙura ko'ina, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. To amma ƙura ɗaya-ɗaya aka yi shi ya haɗiya, ba cokali guda na kaifi da aka danna masa da ƙarfin noti ba.

Abin da ke cikin gwangwanin man gugar supap silikon kabaid ne, wanda aka fi sani da kaborandam. A ma'aunin tauri na Mohs lu'ulu'u ke da 10, shi yana da 9 da ɗoriya, yashi 7, kuza da darma ko 2 ba su kai ba. Ƙwayarsa ko ta fashe, kowane ɓarɓashi da kaifinsa yake fita. A tsakanin supap da mazauninsa ba ya ɓarna, don ƙarfe mai tauri ne a kan mai tauri, ba inda zai lafe, ana wankewa ya tafi. A cikin babit kuwa rabin ƙwaya ke nutsewa, kanta ya tsaya a waje. Ƙa'idar aikin guga ke nan a duk duniya: ƙarfe mai laushi shi ke riƙe kaifi, mai tauri shi ake ci. Shi ya sa idan za a goge ƙarfe mai tauri, da jan ƙarfe ko darma ake ƙera magogin. Wanda ya shafa man nan yana zaton kusine yake ragewa, bai san magogin shaf ya ƙera ya ɗaure a cikin inji ba. Injin niƙa irin na Lister mai juyi 650 a minti yana zagayawa sau 39,000 a awa guda, kuma kowane zagaye sai waɗannan kawunan sun bi ta kan wuyan shaf. A ƙara da cewa ƙwayar mai kaushin tana kai milimita 0.1, alhali ratar da ake nema a wuya mai kaurin milimita 50 duka-duka 0.05 ce. Ko an wanke da esansi sau goma, abin da ya nutse ya nutse.

Wanda ya buɗe irin wannan inji zai gane da ido. Wuyan shaf ya daina ƙyalli, ya koma ruwan toka, da siraran zane kewaye da shi, farce na ɗan maƙalewa idan an ja shi a kai. Baƙin mai ya yi launin toka tun bai tsufa ba. Da gilashin ƙara girma ana ganin ɗige-ɗige baƙaƙe masu walƙiya a fuskar kusinen. Allurar agogon matsin mai kuma takan tashi daidai da safe, inji na ɗaukar zafi ta faɗi. Dalili shi ne man da ke tsiyayewa ta gefen kusine ba daidai da buɗewar rata yake ƙaruwa ba: rata ta ninka biyu, tsiyayar mai takan kusan ninka takwas, famfon mai ya kasa cikewa.

Kafin a yi maganar abin da ya halatta a shafa, sai an raba kusine gida biyu, don a nan ne ruɗanin ya fi yawa. Akwai siriri na kamfani, mai bayan ƙarfe, mai ɗan haƙori a gefe, wanda ake buga lambar girmansa, STD ko 0.25 ko 0.50, a bayansa. Shi ne a motocin da ke kan titi yau, daga tsohuwar Peugeot 504 har Hilux da manyan tireloli, shi ne kuma a biyel, wato hannun da ke haɗa fistan da bilbirkan, na injunan gazuwal ƴan Sin masu tukunya ɗaya. Wannan ba a goge shi, ba a kankare shi, ba a kai masa sanfefa, ba a shafa masa komai sai mai. Laushin da ke fuskarsa yawanci bai wuce milimita 0.02 ba, ƙarƙashinsa wani haɗin ne mai tauri. Guga kaɗan ta cinye fuskar, ja-jan da ke ƙasa ya bayyana, shi ke nan an tsufar da sabon kaya tun bai shiga inji ba. Idan irinsa ya cije, akwai dalili, kuma dalilin ake nema: datti a bayansa, murfi da aka juya ko aka musanya da na maƙwabcinsa, lamba da ba ta dace da wāshin da aka yi wa shaf ba, bilbirkan da ya lanƙwashe, ko ramin biyel da ya daina zama da'ira. Masu kai magagari bakin kusinen ko bakin murfi su ma su ji. Ɗan tsinin da kusine ke yi sama da mazauninsa da gangan aka bar shi, shi ke matse shi idan an ɗaure. Aka goge shi, wata rana kusinen zai bi shaf ya juya, ya rufe ramin mai.

Gida na biyu shi ne kusine na zubi, mai kaurin milimita biyu, uku ko fiye, wanda ake daidaita shi da ƴan siraran fallayen tagulla tsakanin murfi da mazauni. Da irinsa aka yi motar Ford Model T daga 1908 zuwa 1927. A wajenmu ana samunsa a tsofaffin injuna masu tafiyar hawainiya, da mazaunin dogon shaf mai jan bel, da wasu manyan famfuna da manyan injunan lantarki masu zoben ɗebo mai. Shi ne ake zaunarwa da hannu, kuma a kansa ne, da bushin tagulla, hodar guga take da wuri. Amma hoda ta musamman. Wadda aka fi sani ita ce Timesaver, ta Amurka, iri biyu: mai koren tambari ta ƙarfe mai tauri ce, mai tambari ruwan ɗorawa ita ce ta babit da tagulla da alminiyam. Ta ɗorawar lamba huɗu ce, 40 mai kaushi, 60 matsakaiciya, 80 mai laushi, 100 mai laushi ƙwarai. Babu kaborandam a cikinta. Tana ci na ƴan mintoci, sai ƙwayarta ta rududduge ta koma mai sa ƙyalli kawai, daga nan ta mutu. Wannan mutuwar ita ce duk amfaninta. Ba kayan kowane shago ba ce, sai an yi sautu. Wanda bai samu ba kada ya nemi madadi a toka, ko garin jan bulo, ko yashin gulbi da aka tankaɗe, domin duk akwai yashi mai kaifi a ciki, kuma yashi ba ya mutuwa. Makankari da shuɗin gwaji, wato shuɗin da ake shafawa ya nuna inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe, sun ishe shi gama aikin, sai dai ya fi cin lokaci.

Ko hodar na hannu, ba da ita ake farawa ba. A fara duba ko zubin ya kama mazauninsa. A rataye murfin da waya a ɗan buge shi da ƙaramin ƙarfe: idan ya yi amo garau ya kama, idan ya yi dum kamar fasasshe to akwai inda ya saki. Ana kuma jiƙa shi da kananzir, a share, a danna fuskar da yatsa. In kananzir ya tsattsafo ta gefe, sake zubi za a yi, guga ba ta maganinsa. Sai awon wuyan shaf da maikiromita, ba da ido ko kalifa ba. A auna kusa da kowane gefe, a kowane wuri kuma a auna a tsaye a auna a kwance, awo huɗu ke nan. Idan bambancin ya wuce milimita 0.03, a kai shaf wurin masu injin wāshi tukuna. Wuyan da ya yi ƙwai idan aka murza shi a cikin hoda, ramin da zai buɗe daidai da ɓangarensa mai faɗi ne, ɓangaren da ya rame ya samu rata mai yawa, ƙwanƙwasa na nan daram. Zane mara zurfi ana iya goge shi da sanfefa mai laushi sosai da mai, amma a kan shaf kaɗai, nesa da kusine, a kuma wanke tas kafin su haɗu.

Daga nan sai shuɗi da makankari. Makankarin ma ba sai an saya ba: tsohon magagari mai kusurwa uku, a wāshe haƙoransa a dutse ana tsoma shi a ruwa don kada ya ƙone ya yi laushi, a gyara bakinsa a dutsen mai. A shafa shuɗin a wuyan shaf da kan yatsa, siriri har ana hango ƙarfen ta cikinsa. Shuɗi mai yawa ƙarya yake yi, ko'ina sai ya nuna ya taɓa. A ɗora, a ɗaure kaɗan, a juya gaba da baya kamar rubu'in zagaye, a kwance. Inda shuɗi ya kama nan ne tudu, inda kuma ake ganin ɗan ƙyalli da shuɗi kewaye da shi nan ne tudun da ya fi kowane. Shi ake fara ɗauka, da gajeren ja, a karkace, zagaye na gaba a karkata ta ɗaya hannun don kada kwari ya fito. Haka za a yi ta yi har tabon shuɗi ya bazu a kusan kashi uku cikin huɗu na inda nauyi ke sauka. Kusa da bakin haɗuwar murfi da mazauni ana ɗan zurfafawa don mai ya samu wurin taruwa, amma a bar ƴan milimita a kowane ƙarshe ba a taɓa ba, in ba haka ba an buɗe wa mai ƙofar fita. Kada kuma a yanka hanyar mai a tsakiyar inda nauyi ke sauka. Tana tsinka shimfiɗar man da shaf ke hawa a kai.

Yanzu ne lokacin hoda, kuma aikinta share sawun makankari ne da haɗe tabo, abin da bai wuce milimita 0.02 ko 0.03 ba. Mai neman ta cire masa 0.1 ya koma ga makankari ko injin huda. A toshe ramukan mai na bilbirkan da ƴan tsinken itace, a ƙirga nawa aka sa, a rubuta da alli a jikin inji, don tsinke ɗaya da aka manta a ciki ya isa ya ƙone biyel. Ga wuya mai milimita 50, rabin ƙaramin cokali na hoda ya isa. A dama ta da mai mara kauri, man keken ɗinki ya yi, har ta yi ruwa-ruwa kamar koko. Baƙin mai mai kauri yana hana ta ci. Idan kankarar ta yi kyau a fara da lamba 80, idan da sauran kaushi a fara da 60. A shafa a fuskar kusinen duka, a mayar da murfi yadda alamarsa ta nuna, bayan an cire falle ɗaya daga kowane gefe. Daga kowane gefe muka ce, daidai wa daida. Wanda ya cire ta gefe ɗaya ya karkatar da murfi.

Ba a ɗaure noti gaba ɗaya. A ɗaure har sai an ji shaf ya ɗan yi nauyi a hannu, a tsaya. A juya da hannu, zagaye cikakke kamar ashirin, a koma baya, ana ɗan turo shi gefe da gefe gwargwadon wasan da yake da shi don kada zane ya kwanta wuri guda. Da farko za a ji ƴar ƙara shuu-shuu, hannu na jin ci. Idan ƙarar ta ɗauke, shaf ya saki, a ɗiga mai, a ƙara ɗauri kaɗan a notunan biyu, a ci gaba. Bayan minti biyar ko makamancin haka hodar ta mutu, ci gaba da murzawa wahalar banza ce. A kwance, a share, a duba. Abin da ake nema fuska mai launin toka bai ɗaya, ba tsibiri-tsibiri ba. In da saura a sa sabuwa, a ƙarasa da lamba 100, har murfi ya zauna a kan fallayensa da cikakken ɗauri shaf kuma yana juyawa. Kada a ɗaura wa shaf bel ko injin huda don sauri. Zafi zai taso, babit ya jawu ya toshe hanyar mai. Manyan kusinonin da ke riƙe da bilbirkan tare ake gugarsu a cikin gangar jikin inji, don su zauna a layi ɗaya. Na biyel kuwa a riƙe biyel ɗin a miƙe, kada a bar shi yana rangaji, domin rangajin yana buɗe bakin ramin ta gefe biyu ya bar tsakiya a matse, irin kusinen da ke wuce gwaji a tebur ya kwance cikin mako guda.

Kamfanin hodar ya ce ba ta nutsewa a ƙarfe. Mun yarda, amma wanki wajibi ne, don ɓarɓashin babit ɗin da aka ci yana nan. A fara da kananzir ko gazuwal, sannan ruwan zafi da Omo da buroshi, domin sabulu ke ɗaga ƙura daga ƙarfe, kananzir yaɗa ta kawai yake yi. A cire tsinkayen, a ƙirga, a bi ramukan da ɗan buroshi, a hura iska. A goga farin ƙyalle mai ɗan mai: in ya fito da toka-toka a sake wankewa. Yana fitowa fari a shafe shaf da mai nan take kafin tsatsa ta hau. Kuma a yi haɗin a cikin ɗaki ko a rufe da leda, ba a bakin titi iska na kaɗawa ba.

Sai awon rata, wanda da yawa ke tsallakewa. Juyawa cikin sauƙi ba awo ba ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin dubu na kaurin wuya: milimita 0.05 ga wuya mai 50, 0.075 ga mai 75, sai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam, to nasa za a bi. Hanya mafi sauƙi wani zaren roba ne mai laushi da ake kira Plastigage. Kore yana auna 0.025 zuwa 0.076, ja 0.051 zuwa 0.152. A ɗora guntu a kan busasshen wuya, a ɗaure da sifana mai awon ɗauri, kada a juya shaf ko kaɗan, a kwance, a gwada faɗin da ya baje da zanen da ke jikin takardarsa. Idan ya fi baje a gefe ɗaya, ramin ko wuyan ya yi tsini. In babu zaren, a yanko ɗan fallen tagulla mai kaurin 0.05, faɗin kamar milimita 6, a goge kaifin gefensa, a shafa mai a kwantar da shi a wuyan, a ɗaure. Shaf ya motsa da ɗan nauyi, rata ta yi. Ya motsa sakayau, ta yi yawa, a rage falle. Ya kafe, ta yi kaɗan, a ƙara. A motsa shi kaɗan kawai, kada fallen ya zana babit. Masu gwadawa da takardar rubutu su sani kaurinta kusan 0.1 ne, ninki biyu na abin da ake nema. Masu matse kusine da niyyar wai zai zauna da kansa in inji ya yi aiki, su tuna babit na kuza yana rasa rabin taurinsa a zafin digiri 100, yana fara narkewa a wajen 240. A watan Afrilu da Mayu, da inuwa ma ke wuce digiri 40 a Maradi, kusinen da bai da wurin mai ba ya daɗewa kafin ya kai can.

Wajen tayarwa a jiƙe komai da mai, a juya da hannu har mai ya zagaya, a bar inji ya yi tafiyar hankali ba kaya kamar rabin awa. Mazaunin da ke waje a riƙa ɗora masa hannu. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, a kashe a buɗe. A juye man farko bayan aikin yini ɗaya ko biyu, a sake awon rata bayan ƴan makonni, don sabon zubi yakan ɗan kwanta, a cire falle in ya kama.

Wanda kuma aka riga aka shafa wa injinsa man supap, canjin mai ba zai fisshe shi ba. A buɗe tun wuyan bai rame ba. Siririn kusine a jefar a sa sabo, a auna shaf, in ya ci a wāshe shi zuwa 0.25 na gaba. Na zubi mai kauri ana iya kankare fuskarsa duka a rage fallaye, a duba da gilashi, amma mafi aminci a narke shi a sake zubi, kuma kada a mayar da tsohon cikin tukunya. Wajen zubin ma a kiyaye abu biyu. Kada a haɗa babit na kuza da na darma a tukunya ɗaya, domin darma kaɗan a cikin na kuza tana haifar da haɗin da ke narkewa tun a wajen digiri 183. Kada kuma a narka darmar tsohon batir a ce an samu babit: ba ta ɗaukar bugun inji, ba ta kama mazauni da kyau, hayaƙinta kuma guba ne ga mai zubin da yaran da ke tsaye kansa suna koyo.

Wassalam.

Naku,
Wasu makanikai masu gyaran injunan niƙa da na ban-ruwa,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.